Wani ya ci maki 138, wani ya tashi da sifili: Abin da alkaluman matasan 'yan ƙwallon kwando ke ɓoyewa

A daren 25 ga watan Nuwamban 2008, matashin da ya fi kowa cin maki a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka ya buga wasa ya fita bai ci ko maki ɗaya ba.

Stephen Curry ne, lokacin yana ɗan shekara 20, yana buga wa Davidson, wata ƙaramar kwaleji a jihar North Carolina. Kocin ƙungiyar da suka kara da ita, Jimmy Patsos na Loyola ta Maryland, ya ware 'yan wasansa biyu ya ba su aiki guda: su manne wa Curry duk inda ya sa ƙafa, ko da ƙwallo a hannunsa ko babu. Da Curry ya gane dabarar, sai ya koma kusurwar fili ya yi tsayuwarsa, masu gadin nasa biyu su ma suka tsaya tare da shi. Aka bar abokan wasansa huɗu suna fafatawa da mutum uku. Jifa uku kacal ya yi a wasan, babu wanda ya shiga. Davidson ta yi nasara da ci 78 da 48.

Shekara huɗu bayan haka, a watan Nuwamban 2012, wani ɗalibin kwalejin Grinnell da ke jihar Iowa mai suna Jack Taylor ya ci maki 138 shi kaɗai a wasa guda. Ya yi jifa 108, guda 52 suka shiga. An tashi 179 da 104, kuma har yau babu wanda ya kamo wannan tarihi a gasar jami'o'in Amurka ta NCAA.

Wanda ya ɗauki takardun sakamakon wasannin nan biyu bai san komai a kansu ba, zai rantse Taylor ne gwani. Sai dai Grinnell a rukuni na uku take, wato na ƙasa, kuma kwalejin da suka lallasa, Faith Baptist Bible, ba ta ma cikin NCAA. An kuma tsara wasan ne yadda kusan kowace ƙwallo za ta ƙare a hannun Taylor, tsaron gida kuwa ba a damu da shi ba, shi ya sa wani ɗan wasan ɗaya ɓangaren ma ya ci 70 a daren. Taylor bai taɓa taka filin NBA ba. Curry kuwa ya ɗauki kofin gasar sau huɗu, kuma babu wanda ya kai shi cin jifan nesa mai maki uku a tarihinta.

Wannan ita ce matsalar da masu farautar 'yan wasa ke fama da ita duk shekara. Ƙungiyoyi 30 ne a NBA, kuma matasa kusan 60 kawai suke zaɓa a shekara daga duk faɗin duniya. Wanda aka zaɓa na farko yana fara karɓar sama da dala miliyan 10 tun shekararsa ta farko. Kuskure ɗaya kan iya mayar da ƙungiya baya shekaru, ya ci kujerar wanda ya yi zaɓen. A ɓangaren yaron kuma, lambar da ke gaban sunansa ita ce ke buɗe masa ƙofar tallafin karatu ko kwantiragi, ko ta rufe.

Da wa aka kara?

Rukunin farko na gasar jami'o'in Amurka kaɗai yana da makarantu sama da 350, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai irin su Duke da Kentucky da Kansas, inda zaratan matasan ƙasar ke taruwa. Akwai kuma ƙananan shiyyoyi inda dogon ɗan wasa zai ƙare kaka guda bai haɗu da wanda ya kai shi tsawo ba sai jefi-jefi.

Labarin Michael Olowokandi, haifaffen Legas da ya tashi a Landan, shi ne misalin da ya fi kusa da gida. Ya fara ƙwallon kwando a makare, ya shiga Jami'ar Pacific da ke California, wadda ba ta cikin manya. Tsayinsa mita 2.13. A kakarsa ta ƙarshe, 1997/98, yana cin maki 22.2 a kowane wasa, yana kuma cafke ƙwallon da ta kuskure kwando sau 11.2. Los Angeles Clippers ta ɗauke shi a matsayin na farko a zaɓen 1998, ta tsallake Vince Carter da Dirk Nowitzki da Paul Pierce. Da ya shiga NBA ya tarar kusan kowace ƙungiya tana da mai tsawonsa, wasu sun fi shi ƙarfi, sun kuma shafe shekaru suna wasan kafin shi ya fara. Ya yi kaka tara, raunuka suka dame shi, ya ƙare da maki 8.3 a kowane wasa. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya yi shekara tara a NBA, amma ba abin da Clippers ta yi zaton ta saya ba ke nan.

To amma wanda ya ce daga yau zai riƙa raina duk ɗan ƙaramar makaranta, shi ma zai tafka asara. Shakkun da aka yi wa Curry ke nan. Ya ƙare kakar 2008/09 da maki 28.6 a kowane wasa, mafi yawa a ƙasar, amma ana ta cewa a garin makafi yake sarauta, ga shi siriri. Abin mamakin shi ne amsar tana nan a fili tun watan Maris na 2008, a gasar sili-ɗaya-ƙwale ta ƙarshen kaka. Ya ci Gonzaga maki 40, ya ci Georgetown 30, ya ci Wisconsin 33, sannan ya ci Kansas 25 a wasan da aka fitar da su da ƙyar, 59 da 57. Kansas ɗin ce ta ɗauki kofin a shekarar. Duk da haka sai da aka zaɓi mutum shida kafin shi a 2009. Minnesota ma tana da zaɓi na biyar da na shida, ta ɗauki masu raba ƙwallo biyu a jere, Ricky Rubio da Jonny Flynn, ta bar wa Golden State Curry.

Saboda haka masu nazari kan ware wasannin da yaro ya buga da manyan ƙungiyoyi su duba su daban. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Idan makinsa ya faɗi warwas duk ranar da ya haɗu da masu tsaro na gaske, an samu abin dubawa.

Ko wannan ma'aunin ma ba ya kama kowa. A kakar 2010/11 babu sunan da ya kai na Jimmer Fredette na Jami'ar BYU tashe. Maki 28.9 yake ci a kowane wasa, kuma ba ƙanana kaɗai yake ci ba. A watan Janairun 2011 ya zuba wa San Diego State maki 43, lokacin tana cikin ƙungiyoyi biyar mafiya ƙarfi a ƙasar. A cikin waɗanda ya ci a daren akwai wani matashi marar yawan magana, Kawhi Leonard, mai maki 15.5 a kowane wasa. Aka zaɓi Fredette na 10, Leonard na 15. Leonard ya zama gwarzon wasannin ƙarshe na NBA sau biyu, a 2014 da 2019. Fredette ya tsaya a maki shida a kowane wasa, ya yi ta sauya ƙungiya har ya koma China.

A can kuma sai tsohon Fredette ya dawo. Da Shanghai Sharks ya ci maki 73 a wasa guda a 2017, ya ci 75 a 2018. Hannunsa bai taɓa lalacewa ba. Abin da ya sauya shi ne matsayinsa a cikin ƙungiya. A BYU da Shanghai ƙwallo tasa ce, ya yi jifa sau 20 ko fiye, sauran huɗun aikinsu su buɗe masa hanya su kuma rufe gazawarsa wajen tsaro. A NBA babu kocin da zai ƙwace ƙwallo daga hannun taurarinsa ya damƙa masa, shi kuma bai da tsawo ko zafin naman da zai yi amfani idan ba ta hannunsa. Wato tambayar ba ta tsaya kan wanda yaro ya kara da shi ba, har da waɗanda ke sanye da riga irin tasa.

Idan dambu ya yi yawa

Ƙwallo ɗaya ce a fili, mutum biyar ne a kowane ɓangare, wasan jami'a kuma minti 40 ne. Duk jifan da wani ya yi, wani ne bai yi ba.

Babu inda wannan ya fito fili kamar Kentucky ta kakar 2014/15. Koci John Calipari ya tara gwanaye har suka yi masa yawa, sai ya raba su gida biyu a farkon kaka, biyar su shiga, bayan 'yan mintuna ya fitar da su gaba ɗaya ya sa wasu biyar. Sun ci wasa 38 a jere kafin Wisconsin ta tare su a wasan kusa da na ƙarshe. Amma duba alkalumansu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi cin maki, Aaron Harrison, 11 yake ci a kowane wasa. Karl-Anthony Towns 10.3. Devin Booker 10 cif, kuma ko sau ɗaya ba a fara wasa da shi ba, kullum daga benci yake tasowa.

Da zaɓen 2015 ya zo, aka ɗauki shida daga cikinsu. Towns ya zama na farko. Aaron Harrison, wanda ya fi su maki, babu ƙungiyar da ta kira sunansa. Booker kuwa ya jira har na 13 kafin Phoenix ta ɗauke shi, domin abin da aka gani a Kentucky shi ne yaro mai tsayawa a gefe yana jira a ba shi ya jefa. Ba a san ya iya riƙe ƙwallo ya nema wa kansa hanya ba, tunda ba a taɓa buƙatar hakan daga gare shi ba. A watan Maris na 2017, yana ɗan shekara 20, ya ci Boston maki 70 a dare ɗaya.

Tun kafin su an ga irin wannan. Michael Jordan maki 17.7 ya riƙa ci a shekaru uku da ya yi a North Carolina, a ƙarƙashin Dean Smith, kocin da ba ya barin kowa ya mallake ƙwallo. Shekararsa ta farko a NBA ya ci 28.2. Har ana yi wa Smith ba'a cewa shi kaɗai ne ya taɓa iya hana Jordan cin maki.

Muhawarar da ta fi zafi a 2015 ita ce tsakanin Towns da Jahlil Okafor na Duke, wanda daga baya ya buga wa Najeriya a gasar Olympics ta Tokyo. Okafor yana cin 17.3, kuma Duke ce ta ɗauki kofin. Masu lissafi suka ce ba a yi adalci ba, tunda Towns minti 21 kawai yake bugawa, Okafor kuwa 30. Idan aka auna da minti 40, Towns zai tashi da kusan 19.5, Okafor kusan 23. Tazarar ta ragu, amma har yanzu Okafor ne a gaba.

Abin da ya raba gardamar wata lamba ce da 'yan kallo ba su cika kulawa da ita ba. Idan aka yi wa ɗan wasa ƙeta, ana ba shi jifa daga kan layi, shi kaɗai, babu mai tare shi. Kamar bugun fenareti ne da babu mai tsaron gida. Nisan layin ɗaya ne a Kentucky da Atina da Kano, kwandon kuma mita 3.05 yake daga ƙasa a ko'ina. Ita ce kusan lamba ɗaya tilo a wasan da abokin wasa ba ya ƙara ta, abokin karawa ba ya rage ta. Towns yana cin sama da kashi 81 cikin 100 na irin wannan jifa. Okafor kashi 51. Masu farauta sun karanta hakan a matsayin alamar cewa Towns yana da hannun da zai iya jifa daga nesa nan gaba, ko da Calipari bai bar shi ya gwada ba. Haka kuwa aka yi, ya zama ɗaya daga cikin dogayen da suka fi iya jifan maki uku a NBA.

Okafor ya faɗa Philadelphia a matsayin na uku, kuma a kakarsa ta farko ya ci maki 17.5 a kowane wasa. A takarda abin ya yi kyau. Sai dai ƙungiyar wasa 10 kacal ta ci cikin 82. Ko ƙungiya ta kai ƙarshen lalacewa sai ta ci maki 90 ko 100 a dare, kuma dole wani ne zai ci su. Da Joel Embiid ɗan Kamaru ya warke daga rauni ya karɓi gurbin, makin Okafor ya fara zubewa, bai sake komawa inda yake ba. Shi Embiid ɗin ma maki 11.2 kawai yake ci a Jami'ar Kansas, inda Andrew Wiggins ne tauraro. A 2023 ya zama gwarzon ɗan wasan NBA da maki 33.1.

Wani lokacin kuma tafiyar abokin wasa ce ke ɗaga mutum. Precious Achiuwa, haifaffen Fatakwal, ya shiga Jami'ar Memphis a 2019 tare da James Wiseman, wanda ake ganin ya fi kowane matashi a ajinsu. An tsara Wiseman ne zai mallaki ƙarƙashin kwando, Achiuwa ya koma gefe. Wasa uku kawai Wiseman ya buga, NCAA ta dakatar da shi, daga baya ya bar makarantar. Koci Penny Hardaway ya mayar da Achiuwa gurbinsa. Ya ƙare kakar da maki 15.8 da cafke ƙwallo 10.8, aka ba shi gwarzon shiyyarsu, Miami ta zaɓe shi na 20 a 2020. Da Wiseman ya zauna, da yawa daga ƙwallayen da Achiuwa ya cafke a hannun Wiseman za su ƙare, kuma da wuya a ga irin aikin da ya iya a ƙarƙashin kwando, wanda shi ne abin da ya ci gaba da ci da shi a NBA.

Yaro a cikin manya

Lissafin yana ƙara rikicewa idan aka tsallaka teku. A Turai babu ƙwallon jami'a irin ta Amurka. Yaro mai hazaƙa tun yana 16 ko 17 ake jefa shi cikin magidanta masu cin abinci da wasan.

A kakar 2017/18 Luka Doncic ɗan Slovenia yana cin maki 16 a kowane wasa a gasar EuroLeague da Real Madrid. A Amurka kuma Deandre Ayton yana cin 20.1 a Arizona, Marvin Bagley yana cin 21 a Duke. Amma su da 'yan shekara 19 zuwa 22 suke wasa. Doncic kuwa da ƙwararru yake karawa, wasu tsofaffin 'yan NBA, a gasar da ake ɗauka ita ce ta biyu a duniya. Yana ɗan shekara 19 ya ɗauki kofin, aka kuma ba shi gwarzon gasar. Duk da haka Phoenix ta ɗauki Ayton, Sacramento ta ɗauki Bagley, Doncic ya zo na uku. A kakarsa ta farko da Dallas ya ci 21.2, fiye da abin da yake ci a Turai. Shi da kansa ya taɓa cewa cin maki ya fi sauƙi a NBA. Dalilan a bayyane suke: wasan minti 48 ne maimakon 40, filin ya ɗan fi girma, kuma doka ta hana mai tsaro ya kafe a ƙarƙashin kwando fiye da daƙiƙa uku idan ba wani yake gadi ba, dokar da babu ita a Turai.

Na Giannis Antetokounmpo ya fi wannan wuya. Ɗan 'yan Najeriya ne da suka yi ƙaura zuwa Girka, an haife shi a Atina a 1994. A kakar 2012/13 yana buga wa Filathlitikos a rukuni na biyu na gasar Girka, yana cin maki 9.5. Gasar ba ta da ƙarfi, makin ma ba shi da yawa. Babu wani lissafi da zai ce a ɗauki wannan yaro. Waɗanda suka je ƙananan ɗakunan wasan suka zauna suka kalle shi ne suka ga dogon yaro mai dogayen hannaye yana ɗauko ƙwallo daga wannan kwando zuwa wancan kamar ƙaramin mai raba ƙwallo. Milwaukee ta yi kasada ta zaɓe shi na 15 a 2013. Wanda aka zaɓa na farko a shekarar, Anthony Bennett, maki 16.1 yake ci a Jami'ar UNLV, ya kuma bar NBA bayan kaka huɗu. Giannis ya zama gwarzon gasar a 2019 da 2020, ya ci maki 50 a wasan da ya bai wa Milwaukee kofi a 2021.

Mutumin da aka zaɓa daf da shi, na 14, shi ma darasi ne ta wata fuskar. Shabazz Muhammad yana cikin waɗanda suka fi kowa suna a makarantun sakandaren Amurka a 2012, ya ci 17.9 a UCLA. A watan Maris na 2013 jaridar Los Angeles Times ta bankaɗo cewa shekararsa 20, ba 19 da aka sani ba. Ga babba shekara ɗaya ba komai ba ce. Tsakanin ɗan 16 da ɗan 17 kuwa ƙashi ne da tsoka da nauyi. Wanda ya girmi ajinsu zai riƙa ture su yana cin maki, har ranar da kowa ya gama girma. Masu bibiyar ƙwallon ƙafa ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Najeriya ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan.

Yadda ake tace lambobin

Tun bayan littafin da Dean Oliver ya fitar a 2004 kan lissafin ƙwallon kwando, da shafin Ken Pomeroy da ke auna ƙarfin kowace jami'a, manyan ƙungiyoyi sun daina dogara da maki a kowane wasa. Suna ƙirga abin da ɗan wasa ya yi a cikin kowane hari 100, domin ƙungiyar da ke gudu tana kai hari 75 a wasa ba daidai take da mai jan ƙafa tana kai 62 ba. Suna duba kashi nawa na hare-haren ƙungiya ke ƙarewa a hannunsa, da ko jifansa na ci gaba da shiga idan nauyin ya ƙaru. Suna duba ƙwallo nawa ya ci da kansa, nawa kuma aka ɗora masa a hannu. Sai ƙarfin abokan karawa, sai shekaru.

Duk da haka lissafin ba ya ganin abin da ke faruwa a wajen atisaye, kuma a nan ne abokin karawa mai ƙarfi ke yin aikinsa mafi girma. Hakeem Olajuwon ya bar Legas zuwa Jami'ar Houston yana sabon shiga a wasan. A kakar 1981/82 daga benci yake tasowa, yana cin 8.3. Da hutu ya zo sai ya riƙa zuwa wani ɗakin wasa na birnin mai suna Fonde, inda Moses Malone, gwarzon NBA na lokacin, ke motsa jiki. Malone bai raga masa ba. Babu wanda ya rubuta sakamakon waɗannan ranaku, kuma da an rubuta da ba za su yi wa Hakeem kyau ba. Ya dawo makaranta ya koma cin 13.9, aka ba shi gwarzon wasannin ƙarshe na 1983 duk da Houston ta sha kashi, sannan aka zaɓe shi na farko a 1984, gaban Jordan.

Abin da ya shafi yaran Afirka

Ga matashin da ke wasa a Kano ko Zariya ko Jos, matsalar ta ninka. Ɗan Amurka ana taƙaddama ne kan ma'anar alkalumansa. Na nan sau da yawa abin da ke hannunsa bidiyo ne na minti ɗaya ko biyu a waya, an yanko inda ya yi kyau kawai. Mai kallo daga waje zai ga yaro yana tsalle yana danna ƙwallo a kwando, amma abin da zai fara tambaya shi ne su waye waɗannan da yake tsallakewa, shekarunsu nawa, kuma me ya faru a sauran mintunan da aka yanke. Maki 30 a gasar Milo ta makarantun sakandare abin alfahari ne, sai dai wanda ke zaune a Texas ko Madrid ba shi da ma'aunin da zai kwatanta shi da komai. Rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta Najeriya da ya ɓarke a 2017 ya kuma daƙile gasar cikin gida na tsawon lokaci, wadda ita ce inda yaro zai gwada kansa da manya irin na Kano Pillars.

Shi ya sa sansanonin horo suka zama hanya. A can ana tara zaɓaɓɓu wuri guda a haɗa su da juna, kowa ya haɗu da daidai shi. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya fara ne da farautar 'yan wasa wa Orlando Magic ba tare da albashi ba, ya kuma kafa sansanin Giants of Africa a 2003. Lokacin da yake jagorantar Toronto Raptors ne ƙungiyar ta zaɓi Pascal Siakam ɗan Kamaru a matsayi na 27 a 2016. Siakam yana cin 20.3 a New Mexico State, amma ƙungiyoyi da dama sun ja baya saboda raunin shiyyar da yake wasa da kuma shekarunsa 22. Bayan shekara uku yana cikin ginshiƙan da suka ɗauko wa Toronto kofinta na farko.

Gasar ƙasa da ƙasa ma tana yin wannan aiki. Da matasan Mali suka kai wasan ƙarshe a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 19 a Girka a 2019, inda Amurka ta doke su 93 da 79, babu mai sake tambayar da wa suka kara, domin a ɗaya ɓangaren akwai Cade Cunningham da Tyrese Haliburton.

Gasar BAL ta ƙungiyoyin Afirka, wadda aka fara a Kigali a 2021, kuma Rivers Hoopers da Kwara Falcons suka wakilci Najeriya a cikinta, ta zo da wani tsari tun 2022: ana ɗauko yara daga makarantar horon NBA da ke Senegal a raba wa ƙungiyoyin, su buga da manya a gaban kyamara, ana rubuta komai. Ta nan Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu ya bi. Ya buga BAL kaka uku, ya buga wa ƙasarsa gasar duniya ta 2023 yana ɗan shekara 16, sannan ya tafi Duke, inda ya tarar da Cooper Flagg da Kon Knueppel suna riƙe da ƙwallo. Maki 8.6 kawai ya riƙa ci, sai dai sama da kashi 70 cikin 100 na jifansa suna shiga, yawancinsu ƙwallayen da aka ɗaga masa a bakin kwando. A zaɓen 2025 aka ɗauki Flagg na farko, Knueppel na huɗu, Maluach na 10, ya tafi Phoenix, ƙungiyar Devin Booker.